Newsom ko Pritzker: Wa Ya Cancanci Ƙuri'ar Mai Neman Sauyi a 2028?

Da sauran tafiya kafin zaɓen fidda gwani na jam'iyyar Dimokurat a 2028, amma tuni masu hanƙoron kujerar shugabancin Amurka suka fara gyara zama. Biyu daga cikinsu sun fi daɗin aunawa a sikeli ɗaya: Gavin Newsom, gwamnan Kalifoniya, da JB Pritzker, gwamnan Ilinoi. A wata ɗaya suka hau mulki, Janairun 2019. Kowannensu na da majalisar jiha da jam'iyyarsa ta mamaye, don haka babu mai cewa 'yan adawa ne suka ɗaure masa hannu. Kuma dukansu sun yi gaba da gaba da Donald Trump a 2025 kan tura dakaru manyan biranensu. Newsom ya faɗa wa tashar CBS a watan Oktoban 2025 cewa zai duba batun takara da gaske bayan zaɓen tsakiyar wa'adi na 2026. Pritzker kuwa ya nemi wa'adi na uku a kujerar gwamna, sai dai yawan zirga-zirgarsa zuwa jihohi irin su New Hampshire ta isa ta nuna inda ya dosa.

Maganar ta shafe mu kai tsaye. A Yunin 2025 aka rufe wa 'yan Chadi da Sudan ƙofar shiga Amurka, a Disamba aka ƙara da Nijar, aka kuma taƙaita bizar 'yan Najeriya. 'Yan uwanmu da ke Bronx da Shikago, waɗanda suka samu takardar zama 'yan ƙasa, su ne ke riƙe da ƙuri'ar da dangi na gida ba su da ita. Saboda su nake wannan auno, musamman waɗanda zuciyarsu ke tare da talaka da ɗan ƙwadago da baƙo.

Mu fara da Newsom, domin shi ne ya tayar da ƙura. A shekara guda ya nuna wa jama'a fuska biyu. Ta farko ta bayyana a Maris na 2025, lokacin da ya buɗe shirinsa na hira a intanet mai suna This Is Gavin Newsom. Baƙonsa na farko shi ne Charlie Kirk, jagoran matasan masu ra'ayin riƙau, mutumin da ya yi ƙaurin suna wajen zafafan kalamai kan Musulunci da baƙi. (An harbe Kirk har lahira a Utah a watan Satumba na shekarar, kisan da babu mai hankalin da zai goyi bayansa.) A zaman nan Newsom ya shaida wa Kirk cewa ɗansa masoyin Kirk ɗin ne, ya kuma yarda da shi cewa barin waɗanda suka sauya jinsi su fafata a wasannin mata rashin adalci ne ƙwarai. Bayan 'yan kwanaki ya gayyato Steve Bannon, tsohon mai ba Trump shawara, wanda ya sake maimaita ƙaryar cewa an yi wa Trump maguɗi a 2020, mai masaukin kuma bai taka masa burki yadda ya kamata ba. Har gwamnan Kentucky, Andy Beshear, ɗan Dimokurat wanda ba a lissafa shi cikin masu zafin ra'ayi, sai da ya fito ya ce bai dace a ba Bannon wannan dandali ba. A watan nan dai Newsom ya ce sunan jam'iyyarsa ya zama guba a wurin jama'a.

Fuska ta biyu ta fito a watan Yuni, da Trump ya ƙwace ikon dakarun tsaron jihar kusan 4,000 ya haɗa da sojojin ƙundunbala 700 ya jibge a Los Angeles. Nan take mai neman sulhu ya koma ɗan dambe. Ya garzaya kotu, ofishinsa ya shiga kwaikwayon salon rubutun Trump a shafukan sada zumunta yana yi masa shaguɓe, sannan da Teksas ta sake shata mazaɓunta don ƙara wa Rifablikan kujeru biyar, ya kai wa jama'ar Kalifoniya ƙudirin da ake kira Proposition 50 don rama wa kura aniyarta. Ranar 4 ga Nuwamban 2025 ƙudirin ya wuce da kusan kashi 64 cikin ɗari. Wannan nasara ce ta gaske, kuma duk mai gaskiya zai ba shi ita.

Tambayar da masu ra'ayin kawo sauyi ke yi ita ce: wanne ne Newsom na ainihi, na Maris ko na Yuni? Na san da yawa daga cikin mutanenmu za su ce ai abin da ya faɗa kan wasannin mata daidai ne. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Mutumin nan shi ne ya yi suna a 2004, yana magajin garin San Francisco, da cewa ba ya ja da baya kan 'yancin tsiraru komai tsadar abin a siyasa. Ranar da iska ta juya, sai ya zaɓi gaban babban abokin gabar waɗannan tsirarun ya sanar da sabon matsayinsa, bai kuma kai wani ƙudiri majalisa ba, dokar jihar ta 2013 da ta ba ɗalibai masu sauya jinsi damar shiga wasannin makarantu na nan yadda take. Ke nan ba gyaran doka ya sa a gaba ba, saƙo yake aika wa masu zaɓe na jihohin da ake kai ruwa rana a kansu. Musulmi a Amurka ba su wuce kusan kashi ɗaya cikin ɗari ba. Wanda ya iya sakin hannun wata ƙaramar ƙungiya a gaban kyamara don ya burge masu rinjaye, me zai hana shi sakin namu ranar da lissafi ya nuna haka?

Wannan ɗari-ɗari ba daga sama ta faɗo ba, an taɓa gani. A Agustan 1996 Bill Clinton ya sa hannu kan dokar gyaran tallafin talakawa da ya ƙulla da majalisar wakilai ƙarƙashin ɗan Rifablikan Newt Gingrich. Dokar ta ƙayyade shekara biyar a matsayin iyakar abin da iyali za su karɓa na tallafin kuɗi a tsawon rayuwa, ta kuma cire yawancin baƙi masu takardun halal daga tallafin abinci. Jami'an gwamnatinsa irin su Peter Edelman sun ajiye aiki don nuna ɓacin rai. Clinton ya ci zaɓensa a Nuwamba, talaka da baƙo suka biya kuɗin. A 2024 kuma Kamala Harris ta zaga da Liz Cheney, tsohuwar 'yar majalisa ta Rifablikan, tana neman ƙuri'un 'yan Rifablikan da suka gaji da Trump, alhali ko minti biyar ba a ba Bafalasɗine ya yi magana a babban taron jam'iyya na Shikago ba. Ta rasa dukkan jihohi bakwai da ake tababa a kansu, har birnin Dearborn na jihar Michigan mai yawan Larabawa, wanda Biden ya lashe da rata mai yawa a 2020, ya koma hannun Trump. A karo na farko dabarar ta ci zaɓe ta cuci talaka, a na biyu ko zaɓen ma ba ta ci ba.

Ba ina cewa sulhu da abokin hamayya laifi ba ne. Ƙasar da majalisar dattawanta ke buƙatar ƙuri'a 60 kafin yawancin ƙudirori su wuce ba ta mulkuwa sai da bani-in-ba-ka. Abin dubawa shi ne kayan wa aka ɗora a faifan ciniki. Akwai bambanci tsakanin wanda ya sayar da akuyarsa ya biya bashi da wanda ya kamo ta maƙwabci ya kai kasuwa. A nan ne mutanen biyu suka fara rabuwa.

Babban sulhun da Pritzker ya yi da 'yan Rifablikan shi ne shirin Rebuild Illinois na 2019, dala biliyan 45 na gyaran hanyoyi da gadoji da layin dogo da makarantu, wanda 'yan majalisa na ɓangarorin biyu suka kaɗa wa ƙuri'a. Ba kyauta aka same shi ba. An ninka harajin man fetur daga santi 19 zuwa 38 a kan galan, kuma wannan nauyi ne da ke faɗa wa direban tasi fiye da attajiri. An kuma faɗaɗa gidajen caca don tara kuɗin gine-gine, abin da ni dai ba na murna da shi. Amma kowa ya biya, kowa kuma ya hau hanyar. Ba a ware wasu mutane aka ce ku ne za a yanka don a faranta wa ɗaya ɓangaren ba.

Shi kuwa Newsom, inda ya fi matsawa kusa da masu ra'ayin riƙau shi ne kan masu kwana a titi. Tun yana kansila a San Francisco ya jagoranci shirin da ya zaftare kuɗin hannu da ake ba su a 2002, da alkawarin maye gurbinsa da masauki. Da ya zama gwamna ya nemi Kotun Ƙoli ta saurari ƙarar garin Grants Pass na jihar Oregon, kuma a Yunin 2024 alƙalai shida masu ra'ayin riƙau suka yanke cewa gari na iya hukunta mutum don ya kwana a waje ko da babu gadon da za a ba shi. Alƙalai ukun da shugabannin Dimokurat suka naɗa duk sun ƙi amincewa, Sonia Sotomayor ta rubuta cewa barci larura ce ta ɗan Adam, ba laifi ba. Newsom ya yi maraba da hukuncin. Bayan wata guda ya ba da umarnin rushe tantuna a filayen jiha, a Agusta kuma ya je Los Angeles da kansa, ya sa safar hannu yana kwashe tarkacen mutane, 'yan jarida na ɗauka. Duk wannan ya zo ne 'yan watanni bayan mai binciken kuɗin jihar ya bayyana cewa an kashe kusan dala biliyan 24 cikin shekara biyar kan matsalar ba tare da an riƙa bibiyar ko kuɗin na aiki ba. Ƙidayar 2024 ta nuna mutum kusan 187,000 ba su da matsuguni a Kalifoniya. Shi ne kuma ya yi alkawarin gidaje miliyan uku da rabi kafin 2025, bai ko kusa ba. Gwamnati ce ta gaza, amma wanda ke kwance a gefen titi aka sa ya ɗauki hukuncin.

Kan haraji bambancin ya ƙara fitowa fili. Ilinoi na karɓar kaso ɗaya daga kowa, 4.95 cikin ɗari, mai shara da mai banki. A 2020 Pritzker ya nemi a gyara kundin tsarin mulkin jihar don masu samun sama da dala 250,000 a shekara su biya fiye da haka, ya zuba sama da dala miliyan 50 daga aljihunsa don yaƙin neman amincewa da harajin da shi kansa zai fi jin zafinsa. Attajiri Ken Griffin ya zuba kwatankwacin haka a ɗaya ɓangaren, kuma ƙudirin ya faɗi. Newsom kuwa a 2022 ya fito a talabijin yana yaƙar Proposition 30, wanda zai ƙara haraji kan kuɗin shiga da ya haura dala miliyan biyu, alhali jam'iyyarsa ta jiha na goyon baya, jam'iyyar Rifablikan ce ke tare da shi. Hujjarsa ita ce kamfanin jigilar fasinja na Lyft ne ya kitsa ƙudirin don amfanin kansa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Dole a kuma tuna cewa tun kafin zuwansa Kalifoniya na karɓar 13.3 cikin ɗari daga manyan masu kuɗi, fiye da kowace jiha. Sai dai ya sake tsayawa a gaban yunƙurin ƙungiyar ma'aikatan lafiya na ɗora harajin kashi biyar, sau ɗaya tak, kan dukiyar masu biliyoyi. Idan ana maganar taɓa aljihun manya, ba a cika samunsa a sahun gaba ba.

A fagen ƙwadago kowa na da abin nunawa. Pritzker ya sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na dala 15 a awa cikin makonninsa na farko, ya kawo hutun awa 40 da albashi ga kusan kowane ma'aikaci, a zamaninsa kuma aka shigar da 'yancin ƙungiyoyin ƙwadago cikin kundin tsarin mulkin jihar a 2022. Newsom ya ba ma'aikatan gidajen abinci na zamani dala 20 a awa daga Afrilun 2024, ya sa ma'aikatan asibiti kan hanyar dala 25, kuma wannan ya zarce na Ilinoi. Amma a 2023 ya hau kujerar na-ƙi kan ƙudirin ba masu yajin aiki tallafin rashin aiki. Dokar sauƙaƙa wa ma'aikatan gona kafa ƙungiya ma sai da suka taka a ƙafa daga Delano zuwa Sacramento, tafiyar sama da mil 300 cikin zafin Agusta, Shugaba Biden kuma ya sa baki, kafin ya sa hannu a 2022. Alkawarin da ya fi yi wa ma'aikatan jinya a 2018, na inshorar lafiya guda ɗaya ta gwamnati ga kowa, ya mutu a majalisa a Janairun 2022 ba tare da ya ɗaga yatsa ba. Shi ma Pritzker ya yi watsi da ƙudirin kare ma'aikatan manyan rumbunan ajiyar kaya a Maris na 2025, ya kuma daɗe yana takun-saƙa da ƙungiyar malaman Shikago kan kuɗin makarantu.

Akwai wurin da su biyun suka kunyata masu goyon bayansu a shekara ɗaya, kuma wurin ya shafi mutanenmu da ba su da takardu. Kalifoniya ta buɗe inshorar lafiyar talakawa, Medi-Cal, ga kowa ba tare da duba takardar zama ba daga Janairun 2024, Newsom kuma ya yi ta alfahari da haka. Da giɓin dala biliyan 12 ya bayyana a kasafin 2025, sai aka rufe rajistar sababbin manya marasa takardu daga Janairun 2026, aka kuma sa musu biyan dala 30 a wata daga 2027. Shi dala 100 ya nema, majalisa ce ta rage. A Ilinoi abin ya fi muni ta wata fuskar: Pritzker ya soke shirin kula da lafiyar baƙi 'yan shekara 42 zuwa 64 ɗungurungum daga 1 ga Yulin 2025, mutum kusan 30,000 suka wayi gari babu kati, aka bar na tsofaffi kawai. A Kalifoniya wanda ke ciki ya ci gaba da zama ciki, a Ilinoi fitar da shi aka yi. Duk mai yabon Pritzker ya riƙe wannan a ransa.

Kuma ba shi ke nan nauyin da ke kansa ba. Magajin dukiyar otal-otal na Hyatt ne, yana da sama da dala biliyan uku, ya kashe dala miliyan 171 na kansa a zaɓen 2018. Mai yaƙi da tasirin kuɗi a siyasa ba zai ji daɗin wannan ba, ko da an ce masa wanda ya biya wa kansa ba ya bin umarnin kowa. An taɓa cire bandakuna daga wani katafaren gidansa a Shikago don a ce ba ya zaunuwa a rage haraji, sai da ya mayar da dala 331,000. A 2022 shi da ƙungiyar gwamnonin Dimokurat sun zuba miliyoyi don ɗaga Darren Bailey, mai tsananin biyayya ga Trump, a zaɓen fidda gwanin Rifablikan, saboda ya fi sauƙin kayarwa. Wasa da wuta ne, ko da ya yi nasara. Takardun harajinsa kuma sun nuna ya ci dala miliyan 1.4 a caca a Las Vegas a 2024. Haka nan lokacin samamen jami'an shige da fice a Shikago, 'yan sandan jiharsa ne suka riƙa kama masu zanga-zanga a ƙofar cibiyar tsare baƙi ta Broadview, yayin da shi ke caccakar Trump a talabijin.

Abin da ya raba shi da Newsom shi ne bai sauya murya ba. A Fabrairun 2025, lokacin da yawancin 'yan jam'iyyarsa ke lallaɓa sabuwar gwamnati, ya tsaya gaban majalisar jiharsa ya tuna musu cewa 'yan Nazi ba su cika wata biyu ba suka rusa jamhuriyar Jamus. A Afrilu, wata guda bayan Newsom ya zauna da Bannon, ya je New Hampshire ya yi kaca-kaca da 'yan Dimokurat masu naɗe hannu, ya ce kuskure ne a ɗora laifin faɗuwa zaɓe a kan baƙi da tsiraru. Da Trump ya ce a ɗaure shi tare da magajin garin Shikago ko gezau bai yi ba, a Disamba kuma Kotun Ƙoli ta ƙi ba Trump damar tura dakaru Shikago. Tun kafin wannan, shi ne ya sa hannu kan dokar da ta mayar da Ilinoi jiha ta farko da ta soke belin kuɗi a Satumban 2023, don kada a bar mutum a tsare saboda kawai ba shi da abin biya. An yi masa ca a zaɓen 2022 kan dokar, bai janye ba. Newsom ma na da irin wannan rana guda da ba za a manta ba: a Maris na 2019 ya dakatar da aiwatar da hukuncin kisa kan fursunoni 737, duk da jama'ar jihar sun ƙi soke hukuncin a ƙuri'ar 2016.

Saura Gaza, kuma a nan babu wanda ya ƙosar da ni. Newsom ya je Isra'ila a Oktoban 2023, sai a Maris na 2024 ya rubuta wa Musulmi da Larabawan jiharsa wasiƙar goyon bayan tsagaita wuta. Da aka tambaye shi game da AIPAC, ƙungiyar da ke kare muradun Isra'ila a siyasar Amurka, a wata hira a Oktoban 2025, ya yi ta kewaye-kewaye bai ba da amsa ba. Pritzker Bayahude ne da ya taimaka wajen gina gidan tarihin kisan kiyashin Yahudawa a Skokie, ya daɗe cikin manyan magoya bayan Isra'ila, kuma bai ji daɗin ƙudirin tsagaita wuta da majalisar birnin Shikago ta zartar a Janairun 2024 ba. Amma a Agustan 2025 ya fito ya goyi bayan yunƙurin 'yan majalisar dattawa na hana sayar wa gwamnatin Netanyahu wasu makamai. Ya makara, sai dai ya faɗi abin da za a iya riƙe shi da shi gobe. Wanda Gaza ce kan gaba a ransa na da hujjar jiran wani ɗan takara dabam, irin 'yar majalisar wakilai Alexandria Ocasio-Cortez idan ta fito.

Idan abin da ya dame ka kawai shi ne wa zai iya rama wa Trump da magajinsa duka, ya kuma cika talabijin, Newsom ne, kuma kujerun da Proposition 50 ka iya kawowa hujja ce mai nauyi. Idan kuwa kana tambayar wa zai tsaya da kai ranar da tsayuwar za ta ja masa asara, ni a wurina Pritzker ne ke gaba, ba da rata mai yawa ba, kuma da sharaɗin a matsa masa ya faɗi yadda zai mayar wa mutanen nan 30,000 katinsu. Masu cewa Newsom ya fi iya cin babban zaɓe su tuna cewa bai taɓa tsayawa takara a wajen Kalifoniya ba, kuma hotunan tantuna da tsadar haya su ne za a nuna wa mutanen Michigan da Pennsylvania dare da rana. Hirarsa da Kirk ba za ta goge su ba. Shi ma Pritzker za a jefe shi da kashe-kashen Shikago da bashin fansho na jiharsa.

Kafin duk wannan akwai aikin da ke gaban mai ƙuri'a. A jihar New York ba a barin mutum ya kaɗa ƙuri'a a zaɓen fidda gwani sai ya yi rajista da sunan jam'iyyar, kuma mai son sauya rajistarsa sai ya yi ba tare da ya wuce 14 ga Fabrairu na shekarar zaɓen ba. Da yawa cikin sababbin 'yan ƙasa na barin gurbin jam'iyya babu komai ranar rajista, sai ranar zaɓe a mayar da su gida. A Ilinoi ba a buƙatar haka, a rumfar zaɓe mutum ke faɗin takardar jam'iyyar da yake so a ba shi.